Shekarar da Tafki Ya Shiga Gonar Babana

Ranar wata Asabar ce, kwana tara bayan Sallar layya, a shekara ta biyu da saukarmu bakin Tafkin Chadi. Ina 'yar shekara goma a lokacin, ko sha ɗaya, babu wanda ya rubuta. Da hantsi Inna ta aike ni gona in kai wa Baba kunu, na bi ta gefen gabas inda gonar ta fi gangarewa, sai na ji ƙafata ta dama ta nutse har idon sawu. Na tsaya na duba. Wurin nan jiya da yamma ƙasarsa a tsage take, har hannuna yana shiga tsagar, amma ga shi yau bakin tsagar ya haɗe, ruwa mai sanyi yana tsattsafowa ta tsakanin yatsuna. Wata biyu ke nan cur ko ɗigo bai sauko daga sama ba. Na ajiye ƙwaryar kunun, na tsuguna, na ɗebi ruwan a tafin hannu na kai baki. Ba gishiri, ba wari, sai ɗanɗanon ciyawa. Na ɗauki ƙwaryata na ruga wurin Baba, kunun yana zubo mini a wuya, na ce masa ruwa yana zuwa. Ya dogara da fartanya, ya ɗaga kai ya dubi sama gabas da yamma, sama fes, ya ce, "Dije, ruwa daga can yake zuwa. Ba ni kununa."

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Matar ɗana ce take rubuta wannan a nan Dubai inda nake zaune da su, ni ina faɗa, kuma na gaya mata kada ta gyara mini baki. Na ce a rubuta ne domin na gaji da jin waɗanda ba su taɓa taka lakar tafkin nan ba suna yi mini bayaninsa. Abin da ke kwance a gonar nan ranar da ƙafata ta nutse shi ne duk abin da muka mallaka a duniya: tsibin wake goma sha ɗaya, an tuge shi da harawarsa an tara yana shan iska. Shi ne abincinmu, shi ne irin shuka. In ya tafi mu ma mun tafi, kuma babu inda za mu koma.

Fari ne ya koro mu daga ƙauyenmu a ƙasar Gumel. Damina biyu a jere gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, saniyarmu ta kwanta ba ta tashi ba, mata suna tona gidan tururuwa suna neman ƙwaya. Sai labari ya zo cewa can gabas babban tafki ya ja da baya, ya bar baƙar ƙasa wadda ba ta neman taki. Baba ya ɗaure tabarmi da tukwane, muka hau bayan babbar mota har Baga, ni da shi da Inna da ƙanwata a goye. Daga Baga muka sa ƙafa, da jaki ɗaya. Ina ta tambaya ina tafkin, Baba yana cewa gaba. Sai da muka yi rabin wuni muna tafiya, wani mutum da muka haɗu da shi ya yi dariya ya ce ai tun safe a cikinsa muke.

Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba, har yau kuma ban sake gani ba. Shimfiɗe take kamar faifai, ido ya tafi har ya gaji bai ci karo da komai ba. Babu dutse ko na murhu, a kan curin laka Inna ta ɗora tukunya. Ƙasar baƙa ce mai laushi, cike da fararen kwanson katantanwa suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa, da su muke carafke ni da 'yan matan maƙwabta tun da babu tsakuwa. Nan da can sai ka ga kwalekwale a busasshiyar ƙasa, ciyawa ta tsiro a cikinsa, akuya tana kwance a inuwarsa. Wuraren da suka ɗan ɗaga, dogayen tudun yashi, su ake kira tumbu. Da can tsibirai ne. A kan ɗayansu muka kafa bukka tare da gidaje kamar ashirin, kusan duka baƙi irinmu da fari ya koro. Bulaman wurin, wato mai garin, ya taka wa Baba gona a cikin kwari, da ɗan nisa, daga can ana hango bukkokinmu kamar kifaffun ƙore. Ran da Baba ya fara sara, fartanyarsa ta tono gaiwa, kifi da ransa, naɗe cikin busasshiyar laka yana barci. Inna ta yi salati ta ce ita ba za ta ci kifin da aka haƙo kamar rogo ba. Ni na ci. Kuma tun ranar na ajiye a raina cewa kifin da ya kwanta a cikin ƙasa haka, akwai abin da yake jira.

Aikina a gida ruwa ne da makamashi da korar tsuntsu. Rijiya ba wuya, a tona kamu uku a tarar da ruwa. Itace ne babu, sai busasshiyar ciyawar kacalla da kashin shanu. Da yamma sauro yakan taso kamar hayaƙi, mu turara ɗanyar ciyawa, jaki ma sai ya cusa kansa a ciki. Bayan kwana bibbiyu kuma Inna takan ba ni gari a ƙwarya in kai wa wata tsohuwa a tumbun da ke gaba da namu, in karɓo nono. Ya Fanna ake ce mata, Babarbariya ce da ta yi aure cikin Buduma, mutanen tsibiran tafkin, ta tsufa a cikinsu. Shanunsu farare ne masu ƙaho kamar tulu, in ruwa ya raba su da ciyawa sai su faɗa su yi iyo, hanci da ƙaho kaɗai a sama. Hausarta a karye take, kuma ba ta da fara'a. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "'yar Afuno", wato 'yar Hausawa. Amma ni yarinya ce mai tsayawa in zuba ido, ita kuma ta lura, sai ta riƙa magana kamar da kanta take yi.

Ita ce makarantata. Da tsinke ta zana mini tafkin a ƙasa: ƙwarya biyu gefe da gefe, ɗaya kudu ɗaya arewa, da ɗan tudu a tsakaninsu wanda ruwa yake rufewa a shekarun cika har a manta da shi. Ta ce ƙasashe huɗu ne suke zaune a bakinsa, kowa yana cewa nasa ne, shi kuwa bai san kowa ba. Ta ce faɗi gare shi, ba zurfi ba, wurare da yawa dogon mutum zai ratsa da ƙafa. Babu kogin da yake fita daga cikinsa, duk da haka ruwansa bai yi gishiri ba, ta ƙarƙashin ƙasa yake sulalewa ya je ya bar kanwa a bakin hamada. Akwai tsibiran da ciyawa ce zalla ta sarƙe, iska tana tura su, masunci ya shiga ta wata hanya ya juyo ya tarar ta rufe. Abin da ta fi nanatawa kuwa shi ne kogin Shari. Kogin Yobe da ke zuwa daga wajenmu, in ji ta, ɗan cokali ne. Uwar ruwan daga kudu take tasowa, daga ƙasashen daji inda ake ruwa wata da watanni, kuma tafiyar da nisa, sai ta cika fadamun hanya kafin ta ƙaraso. "Ku Afuno sama kuke duba," ta ce. "Ruwan nan ba ya faɗowa. Takowa yake yi, kuma sai damina ta wuce yake isowa."

Nan ne Baba ya yi kuskure, kuma ba kuskuren rago ba ne, kuskuren manomi ne da ya san aikinsa. A ƙasarmu in damina ta ɗauke, kowane tafki raguwa yake yi. Kuma in ka tuge wake sai ka tara shi a gona ya bushe sarai, a casa a can, a kai tsaba gida. Ba mai hankalin da zai ɗauki ɗanyen wake da ganyensa ya cusa a bukka ya ruɓe. Haka kakansa ya yi, haka ubansa ya yi. Shekararmu ta farko ma haka ya yi a nan, kuma ya tsira, domin a shekarar ruwan bai iso kwarinmu ba, ya tsaya can nesa inda sai masunta ke ganinsa. Sai Baba ya ɗauka tafkin ya mutu ya bar masa gado. Da Bulama ya aiko cewa bana kudu ta sha ruwa, a yi hattara, maza suka zauna a rumfa suka ce so yake su tashi ya ba danginsa gonakin.

Da la'asar ɗin ranar Asabar na je wurin Ya Fanna ba tare da an aike ni ba. Na tarar ana kwance bukkoki, an riga an kora shanu gaba. Na gaya mata abin da ya sami ƙafata. Ta zaro kara uku daga zana ta miƙa mini, ta ce in je inda ruwan yake a fili in kafa ɗaya a bakinsa, gobe war haka in koma in kafa na biyu, in ƙirga taku. Na yi. Bakin ruwan yana can bayan gonarmu, siriri, bai rufe ƙafa ba, jaja-jaja, ɗauke da buntun ciyawa da 'ya'yan kifi kamar ƙwayar shinkafa. Washegari karan farko yana tsaye a cikin ruwa, tsakaninsa da sabon baki taku tamanin. Ran Litinin taku ɗari da talatin. Daga nan zuwa tsibin wakenmu na farko na ƙirga ɗari huɗu da 'yan kai. Ba sai an yi boko ake sanin abin da wannan yake nufi ba. Na gaya wa Baba a gaban Inna. Ya ce waken kwana bakwai yake buƙata, kuma kwana bakwai zai yi. Ya ce tsohuwar Buduma ta cika mini kai. Ya ce gobe zai tafi kasuwar Baga ya samo buhuna, in ya dawo ya tarar an taɓa masa ko reshe ɗaya, zan sani.

Ya tafi da jakin tun da sassafe. Na roƙi Inna mu je tare, ta ce ita ba za ta taka maganar mijinta ba, kuma in na je babu ruwanta. Amma da na ɗauki babban kwando ba ta hana ni ba, gammo ma ita ta naɗa mini, fuskarta a gefe. Na isa gona na tsaya ina kallon tsibi goma sha ɗaya, kowanne ya fi ni tsayi, na gane ko biyu ba zan iya kwashewa ba da harawarsu. Sai na zauna na fara roro, ina zaɓen kwanson da ya fi cika ya fi bushewa, irin wanda Inna take warewa don iri. In kwando ya cika in ɗora a ka in nufi tumbu, in juye a tabarma a bayan bukka, in komo. Sawu tara na yi a wuni biyu. A sawu na huɗu wuyana ya daina ciwo, ya zama kamar ba nawa ba. Kwanson katantanwa ya tsattsaga mini tafin ƙafa. Matan tumbu suna daka suna kallona, wata ta ce, "'Yar Malam Idi ta haukace, tana satar gonar ubanta." Na wuce da kwandona. Ita mai faɗar ma gonarsu tana ƙasa da tamu.

Baba ya dawo ran Laraba da la'asar. Ya ga tarin a bayan bukka kafin ya ga kowa. Bai sauke wa jaki kaya ba. Ya kira ni ya tambaya wa ya sa ni, na ce ba kowa. Ya ce in kwashe in mayar inda na ɗauko, yanzu. Na ce, "Baba, ka doke ni, amma ba zan mayar ba." Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ya zaro tsumagiyar jakin. Na tsaya a wurin, ban gudu bayan Inna ba, da ya gama dukana kuma na je na zauna a kan tabarmar waken na baza zanena a kai. Ya tsaya yana huci yana kallona. Da ya so, da hannu ɗaya zai ɗaga ni ya jefar. Ya juya ya shiga bukka. Waken bai koma gona ba.

Sai ruwan ya kunyata ni. Ran Alhamis iska ta juya ta riƙa busowa daga yamma, da na je duba karana na uku sai na tarar da shi tsaye a kan laka, ruwa ya koma baya taku sittin. A ƙasar da ba ta da gangare iska ce take kiwon ruwa, ta kora shi gaba ta koro shi baya kamar tumaki. Wannan Ya Fanna ba ta gaya mini ba, kuma ta riga ta tashi, babu wanda zan tambaya. Kwana uku ana yi mini dariya. 'Yan matan da muke carafke tare suna bina suna cewa, "Sarkin Ruwa, ina ruwan?" Maza a rumfa suna tsokanar Baba wai a gidansa 'ya ce mai gida. Wani ɓangare na waken da na roro bai gama bushewa ba ya fara baƙi, Inna tana tsincewa tana jefarwa ba ta kallona. Baba bai yi mini magana ba ko sau ɗaya. Ni kuwa kullum da safe sai na je na kafa sabon kara, ana kallona, da shatin tsumagiya a ƙafafuna. Kada in yi ƙarya, a kwanakin nan ni ma ban tabbata ina da gaskiya ba. Na dai ƙi yarda in nuna.

Ran Lahadi da safe, saura kwana ɗaya a fara casa, iskar gabas ta taso da ƙarfi, mai sanyi. Muna gona ni da Baba, yana share filin casa. Sai da na ji kafin in gani: wani sauti kamar ana zuba gero a ƙwarya, ruwa ne yake shiga tsagogin ƙasa yana cika su ɗaya bayan ɗaya. Ba igiya, ba ruri. Shimfiɗa ce kawai mai ƙyalli, daga wannan gefen duniya zuwa wancan, tana tahowa da saurin tsohuwa mai sanda, ɓeraye da macizai da fara suna gudu a gabanta, balbela tana binsu tana cin rabonta. Baba ya tsaya da tsintsiya a hannu. Ruwan ya zo ya shafi ƙafarsa ya wuce. Sannan ya yi salati ya ruga wajen jaki. Kafin azahar ruwa ya kai ƙwauri, kafin la'asar ya kai gwiwa, baƙar ƙasar nan ta zama taɓo mai riƙe ƙafa. Jaki ya nutse har ciki, da ƙyar maza huɗu suka ciro shi ba kaya. Duk tumbu ya fito da kwanduna da zannuwa, kowa yana ihu a kan gonarsa. Na ga tsibinmu suna tashi ɗaya-ɗaya, suna juyawa a hankali, suna bin iska yamma. Abin da aka tsamo jiƙaƙƙe ne, cikin kwana uku wani ya tsiro wani ya ruɓe. Kafin rana ta faɗi tumbunmu ya koma abin da yake tun asali, tsibiri.

Wata biyu muka yi ruwa yana kewaye da mu. Muka koyi cin kifi safe da yamma, Inna ta koyi banda. Masunta suka iso da kwalekwale, ta kan gonar Baba suke wucewa suna jan taru. Gidaje suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, domin wanda ba shi da iri ba shi da abin jira. Matar nan da ta ce na haukace ta zo ta tsuguna gaban Inna kafin su shiga jirgi, Inna ta ɗibar mata wake ƙwarya guda. Sauran wakena, bayan an tsince an casa, buhu ɗaya ne da kaɗan. Inna ta ɗinke bakinsa ta sa a ƙarƙashin gadonta, ko ranar da muka wuni da romon kifi kawai ba ta buɗe ba. Baba ya rame, yakan zauna a bakin tumbu ya zuba wa ruwan ido. Sau biyu na ji yana ce wa Inna mu koma gida. Inna ta ce, "Mu koma mu tarar da me?"

Da sanyi ya fara raguwa ruwan ya tsaya, sannan ya fara ja, taku kaɗan kullum, yana barin laka mai sheƙi, baƙa wuluk. Wata safiya Baba ya fito da buhun da kansa ya kwance ɗinkin. Ya ɗauki sandar shuka, ya tsaya a ƙofar bukka bai kalle ni ba, ya ce, "Dije, taso. Daga ina za a fara?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce na yi daidai ba, bai ce ya yi kuskure ba, har ya koma ga Allah bai tada maganar dukan nan ba, ni ma ban tada ba. Na wuce gaba yana bina. Na nuna masa inda lakar ta daina kama ƙafa amma ba ta fara darewa ba, ya soka sanda, na jefa ƙwaya uku na taka. Haka muka bi ruwan, yana ja muna shuka, har zafi ya shigo. Waken da muka roro a bazarar nan, ba ɗigon ruwan sama a kansa, ya cika bukka har sai da muka yi rumbu. Daga shekarar ba wanda ya sake tara amfani a kwari bayan damina. A gonar nan na girma, a tumbun aka binne Baba, ita na ci gaba da nomawa da hannuna bayan mijina ya rasu, har shekarar da masu bindiga suka tashe mu gaba ɗaya.

Yanzu ina hawa na tara na wani bene a unguwar Al Nahda, wurin ɗana. Sunan Baba aka sa masa, don haka Abba nake ce masa. Kargo yake yi a Deira, yana loda wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena. Ya kawo ni ne a duba mini gwiwa, an duba, biza kuma sai sabunta ta ake yi. Ba na raina abin da ya yi mini. Matan Kano masu saro kaya suna zuwa su ci tuwona su bar mini jakunkunansu in tsare, kuma ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Garin nan yana bakin ruwa amma ruwan ba ya shawuwa, na sha sai an kawo a gora. Kusa da mu akwai wani tafki da aka gina, an yi masa baki da siminti da fitilu, mutane suna zagaya shi da takalman gudu. Nakan zauna a benci in dube shi. Inda na bar shi jiya, nan nake tarar da shi yau.

Watan jiya aka bugo waya daga Maiduguri. Wai mutane sun fara komawa wasu tumbunan, wai wani yana so in ce na bar masa gonar har abada, tun da na tsufa kuma ina ƙasar Larabawa. Abba ya zauna kusa da ni ya nuno mini hotuna biyu a wayarsa, waɗanda aka ɗauka daga sama, ɗaya shuɗi babba, ɗaya ɗan tabo. Ya ce, "Hajiya, duba, tafkin nan ya ƙare, khalas. Duniya duk ta sani. Ki bar musu ki huta." Na ce, "Abba, a wane wata aka ɗauki hoton?" Bai sani ba. Na ce masa koren nan da ya kewaye tabon, da yake gani kamar daji, rabinsa ruwa ne ciyawa ta rufe. Na ce ya ragu, ban musa ba, na ga raguwarsa da idona tun ba a haife shi ba. Amma mutumin da ya fara yarda cewa tafkin nan ya mutu, sunansa shi Abba yake ɗauke da shi, kuma ni ina tsaye a wurin ranar da ruwa ya ba shi amsa. Ya mayar da wayar aljihu. Na ce a gaya wa mai nema ya shuka in yana so, ya ci, Allah ya sa albarka, amma aro ne. Gonar tana da mai ita. Kuma ya kwashe amfaninsa kafin sanyi ya shigo.

A da ina da ƙafa, ba mai jin maganata. Yau ana jin maganata har ana rubutawa, ƙafar ce babu. In ƙarshen shekara ya zo iskar garin nan ta ɗan yi sanyi, nakan buɗe taga in tsaya, motoci suna ta kwarara zuwa Sharja a ƙasa, ni kuwa na san can gida ruwan ya taso daga kudu, ya cika fadamun hanya, yana tafe a hankali. Zai iso, wannan ba na shakka. Ni ce ban sani ba ko zai same ni a bakin gonar.